Gurmin Turawan Badaru

Ni ne Abdulƙadiri mai shayi, na bakin titin Marnona. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, na ga masu baki iri-iri, amma Badaru daban Allah ya yi shi. Wata huɗu kacal ya yi a Legas yana dako, ya dawo mana da labarin da ya fi na shekara arba'in. Ya tuƙa jirgin ruwa. Ya raba faɗan 'yan sanda da soja da hannu ɗaya. Ba a taɓa kawo zancen wani abu a bencina ba, daga dashen albasa har fiɗar ciki, Badaru bai ce ai shi ya koya wa wanda ya fara ba. Ba mugu ba ne, ina ma son shi, sai dai kunne yana gajiya.

To, ana saura kwana tara babbar kokawar Goronyo, sai tsautsayi ya faɗa wa garinmu. Baba Mainasara mai gurmi ya faɗo daga babur, hannun dama ya karye. Wanda bai san Buba ba zai ce mene ne haɗin hannun tsoho da kokawa. Buba shi ne zakaranmu, ƙato ne kamar rumbu, amma sanyin hali gare shi, ko akuya ta ci masa dawa sai ya ba ta haƙuri. Ba ya kokawa sai ya tsumu, ba ya kuwa tsumuwa sai Baba Mainasara ya kaɗa masa takensa da gurmi. In babu wannan, ko tura shi fili aka yi, gaisawa zai yi da abokin karawa ya tambaye shi iyali. Ga shi shekara uku a jere Isma'il Turmi na Goronyo yana shimfiɗe mutanenmu, bana ce muka sa ran ramuwa.

Muna zaune jugum da safe, Baba Mainasara na gefe da hannu a rataye, sai ga Badaru.

"Mi anka yi? Wa ya rasu?"

Aka gaya masa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Wanga abu na kuka ma zugum? Gurmi mi na? Ƙwarya da hwatad damo! Ni nan da kuka gani, akwai wata 'yar jita ta Turawa mai tsirkiya huɗu, ukulele aka ce mata. Bakin teku wani Bature yak koya min. Kwana biyu na hi shi iyawa, mutumin nan har kuka yay yi. In na kaɗa ma Buba ita, ba Turmi ba, ko dutsin niƙa sai ya kai ƙasa."

Baba Mainasara ya kalle shi ta ƙasan ido. "Ɗana, in ba ta tada shi ba hwa?"

"Baba, ga shedu. In kiɗina bai tada Buba ba, in yi kwana arba'in ban ce uffan ba cikin garin ga. Ko sallama sai da hannu."

Wani tsoho ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah, ko mun sha kaye ka ba mu wagga." Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni, na zuba wa kowa shayi kyauta.

Ranar kasuwar Rabah ina da sayen sukari da madara, sai muka tafi tare da Badaru a babur ɗaya. Can ƙarshen layin 'yan gwanjo akwai wani Iliyasu, mai sayar da tsofaffin rediyo da dutsen guga da takalman sanyi waɗanda ba wanda ya san me za a yi da su a ƙasar Sakkwato. Cikin ikon Allah yana da ukulelen nan har guda uku, rataye a igiya kamar kilishi.

Iliyasu mutumin kirki ne. Ya sauko da wata 'yar fara, ba fenti ba ƙyalli, ya ɗan taɓa ta da yatsa. Wallahi ko ni da ban san kiɗa ba sai da na ji wani abu ya ratsa ni.

"Wagga ita ta ta ƙwarai," in ji shi. "Icce na mai kyau, ba ta da nauyi, kuma ba ni tsauwala maka."

Badaru ya karɓa, ya jinjina ta a tafin hannu, ya taɓe baki. "Wagga ramammiya? Ko kaza nika saye ba ni ɗaukar mai wanga nauyi."

Ta biyu tana da tsaga a baya, wannan ko shi ya gani. Sai idonsa ya faɗa kan ta uku. Ja ce jawur, tana sheƙi, an zana mata bishiyar kwakwa da rana tana faɗuwa cikin ruwa. Ya ƙwanƙwasa cikinta da kunne a manne, yadda mata ke gwada tukunya. Ya shinshina ramin. Ya buɗe maɗauran tsirkiya ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa kamar mai duba haƙoran rago. Bai gamsu ba sai da ya kwashe mu har rumfar mahauta, aka ɗora su biyun a sikeli. Ja ta ninka fara.

"Kun gani? Ilimi na."

"Malam," in ji Iliyasu, "ji tsoron Allah in gaya maka gaskiya. Wagga ta ado ta, bango aka rataya ta. Dubi tsirkiyat, zaren kamun kihi na."

Badaru ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya raɗa mini yadda duk layin zai ji. "Ka ji ɗan kasuwa. Abin da yaka so shi ɓoye ma wani babban mutum, shi yaka kushewa."

Da Iliyasu ya faɗi kuɗinta, bai kai sulusin na farar ba. Badaru ya ƙara tabbata ya kama ɓarawo da kaya, ya sake taya ta ƙasa, aka sallama masa da sauri. Na ce masa, "Badaru, araha fa ba ta ado."

"Ba ta ado? Ga ado nan har da kwakwa!"

Iliyasu ya biyo mu da waya a hannu, wai bari ya nuna masa yadda ake ɗaure tsirkiyoyin kowace ta ba da muryarta. Badaru ya ce shi da ya sa Bature kuka ba ɗan gwanjo zai koya masa ba. Nan take ya murɗa maɗauran huɗu ya jera su suna kallon gefe guda, cif kamar sahun salla. Ya ce abin da bai daidaita a ido ba, ba ya daidaita a kunne.

Gidan Badaru na bayan shagona, katangar zana ce tsakaninmu, don haka abin da ya biyo baya ba labari aka ba ni ba. Matarsa Suwaiba mace ce mai haƙuri da miji, amma harshenta ba ya kwana da bashi. Tana ganin abin ta ce, "Wanga ludayi na ko akushi?"

"Ke dai kawo man shanu."

"Man da nis saya jiya don tuwon baƙi?"

"Kayan kiɗi sai da mai. Ba ki ga Baba Mainasara na shahwa ma gurmi nai ba?"

"Gurmi nai hwata gare shi. Wagga mi ag gare ta?"

"Sirri."

Ya shafe ta da man shanu ciki da waje, har ya ɗura saura a ramin don ya jiƙa ta daga ciki. Ya ɗaura mata laya biyu a wuya, ya rataye ta a turken rumfa. Kafin azahar kiyashin unguwar gaba ɗaya sun yi hijira zuwa cikinta. Da ya rungume ta zai fara gwaji, suka bi ta hannun riga suka shige. Muka ji ihu da tsalle-tsalle. Na leƙa ta zana, ya ce mini rawar da ake yi da ita ke nan a Legas.

Da la'asar aka fara kiɗan sosai. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun san kukan ƙofar kwano da ta shekara ba mai? To, a ce ƙofofi huɗu ne, kowace da damuwarta. Jakin maƙwabcinmu ya amsa. Wata tsohuwa ta shigo da sauri da wuƙa a hannu, wai ta ji akuya na shaƙewa, a yanka kafin ta yi mushe. Kaji suka bar gidan, ba su dawo ba sai magariba.

Kwana uku ana haka, jama'a suka ce a kawo Buba a gwada. Aka zaunar da shi a kan turmi a tsakar gida. Badaru ya gyara tsayuwa, ya rufe ido, ya shiga yaƙushin zaren nan yana kirari: "Buba bajimin Marnona! Buba gagara ƙwace!" Buba ya saurara da ladabi. Can ya yi hamma. Da muka duba, ya jingina da bango yana minshari.

Suwaiba ta ce, "To, ka ga amfaninta. A riƙa kai ta gidan masu jego."

"Jahilci!" in ji Badaru. "Ƙarhi yaka tarawa. Wagga ba ta aiki cikin gida, sai ta ga hili."

Gaskiya a lokacin zuciyata ta rabu biyu. Ina son garinmu ya yi nasara, ina kuma ƙishin kwana arba'in ɗin nan kamar mai azumi da ruwa.

Ranar kokawa Marnona ta kwashe kaf zuwa Goronyo, a babura da a-kori-kura. Filin yana kusa da dam, ya cika ya batse tun kafin la'asar. Badaru ya sha babbar rigar aurensa, ya rataya jar abar nan a ƙirji tana naso. Mutanen Goronyo suka yi ta leƙe, shi kuwa yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Ƙananan 'yan kokawa suka gama nasu. Sai Isma'il Turmi ya fito tsakiyar fili, gajere, kakkaura, wuya da kai duk ɗaya. Ya ɗaga hannu sama yana kirari yana zagayawa, yana jiran wanda zai fito. Ƙa'idar wurin kowa ya san ta: wanda ya tuɓe riga ya shiga fili ya taɓa mai kirari, ya amsa ke nan, ba fashi.

Duk ido ya koma kan Buba. Yana zaune a ƙasa yana shan rake.

"Bismilla, ɗana," in ji Baba Mainasara.

Badaru ya durƙusa a gaban Buba ya kai wa zaren yaƙushi. Wannan karon ko kukan ƙofar bai samu ba. Zaren ya saki, sai wani "ɓal-ɓal" kamar ana taka taɓo. Buba ya miƙa masa guntun rake.

"Sanyi taj ji," in ji Badaru, gumi na keto masa. "Iskan dam na. Ku ba ni minti biyu."

A nan ne fa ƙaddara ta ja shi. A gefen fili makaɗan Goronyo sun hura wutar kara suna gasa gangunansu, kamar yadda kowane makaɗi ke yi in danshi ya sa fata ta saki. Ana kara ta kusa da wuta, fata ta ɗame, murya ta dawo. Badaru tun yana yaro yake ganin ana haka. Ya ratsa su ya tsuguna.

Wani dattijo mai kalangu ya ce, "Malam, wagga ba hwata gare ta ba. Mi za ka gasawa?"

"Baba, kai dai ji da kalangunka. Wagga daga ƙetare take, ta hi son wuta."

Su suna karawa daga nesa suna juyawa. Shi kuwa don ya nuna tasa ta fi, ya cusa ta cikin harshen wutar. Na farko zaren ne ya fara: tas! tas! tas! tas! Guda ya yi tsalle ya sami mai kalangu a kunne. Sai fentin ya kumbura, bishiyar kwakwa ta narke ta gangaro. Sai ƙamshi ya tashi, irin na tuwon sallah, har mutane suka fara waige suna neman mai abinci. Man shanun kwana shida da ke cikin ramin ya tafasa. Bup! Wuta ta tashi ta kama hannun babbar riga.

Badaru ya yi jifa da ukulele, ya zabura. Can ɗaya gefen filin ya hango garwar mai sayar da ruwa, kuma hanya mafi kusa ita ce ta tsakiya. Ya keta fili a guje yana kokawa da riga, ya fizge ta ta kai ya yar, ya rage daga shi sai wando. Rigar ta rufe masa ido a daidai lokacin da bai kamata ba. Yana buɗewa ya ji tafukansa biyu a kan wani abu mai tauri da gumi. Ƙirjin Turmi ne.

Alƙali ya busa usur. Gangunan Goronyo suka ɗauka. Fili ya kaure da sowa.

"Tsaya, tsaya, bawan Allah!" in ji Badaru. "Ni makaɗi na! Ruwa za ni!"

"Ka tuɓe?" in ji Turmi.

"Wuta ta..."

"Ka taɓa ni?"

"Wucewa nika yi!"

"To, bari in wuce da kai."

Ban ga yadda aka yi ba, na dai ga ƙafafun Badaru suna kallon sama, bakinsa bai daina bayani ba. Yana can sama yana cewa a tambayi Abdulƙadiri mai shayi. Turmi ya zagaya da shi sau ɗaya don kowa ya gani, sannan ya sauke shi. Tim! Har a tafin ƙafata na ji. Badaru ya saki wata ƙara da ban san ɗan Adam na da ita ba: "Wayyo Suwaiba!"

Mutanen Goronyo suka faɗi suna birgima. Wani ya yi ihu, "Zakaran Marnona ke nan? Ku kawo Suwaibat, ƙila ta hi shi!" Turmi ya ɗora ƙafa a kan cikin Badaru yana ɗaga hannu. Ni kunya ta sa na ja hula na rufe fuska. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ko banza namu ne.

Sai na ji wani abu ya karye a bayana. Raken Buba ne. Na waiga na ga leɓensa na rawa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, gashin hannunsa ya miƙe. Shekara da shekaru ina ganin Buba na tsuma, ban taɓa ganin irin ta ranar ba. Ya miƙe a hankali. Ya ce, "Ɗan garinmu na. Sauke ƙahwag ga."

Ba a daɗe ba. Suka sarƙe, Turmi ya nemi ƙafa, Buba ya sunkuce shi kamar buhun albasa, ya kai shi ƙasa a daidai gefen Badaru, har suka haɗa ido. Marnona ta ɓarke. Muka ɗauki Buba a kafaɗa, Badaru kuma a kan ƙyauren da muka aro.

Washegari da safe bencina ya cika tun ban hura wuta ba. Sai ga Badaru yana tafe a karkace, wuya ba ya juyawa, Suwaiba ta ɗaure masa ƙugu da zane. Duk da haka murmushi yake.

"To, mi nic ce muku? Na ce ina tada Buba ko ban ce ba?"

"Zauna, ɗana," in ji Baba Mainasara. "Shedu na nan. Cewa kay yi kiɗinka na tada shi. Buba, ka ji kiɗin jar abar nan?"

"Na ji," in ji Buba. "Kwana taka sa ni."

"To mi yat tada ka?"

Buba ya sosa ƙeya, don ba ya son ɓata wa kowa. "Wanga tim ɗin. Da wayyo Suwaiba."

Aka kwashe da dariya. Baba Mainasara ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ni ba ni zalunci. Hanya biyu ta. In jar abar nan ita ta kiɗinka, ba ta tada kowa ba, kwana arba'in sun hau kanka daga yanzu. In kau ka ce bayanka shi na gurminka, to kiɗinka ya yi aiki, bakinka naka na. Amma ka zama makaɗin Buba har hannuna shi warke. Maɗori ya ce mako shidda. Juma'a mai zuwa akwai wasan Wurno, ta sama Rabah, kuma mutanen Goronyo sun aiko suna son ramuwa. Kowane wasa kai za ka hwara shiga."

Murmushin Badaru ya gudu. Ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Ya ɗaga hannu ya yi mana alamar ya zaɓi shiru.

Jama'a, ban taɓa sanin akwai tsuntsaye a bishiyar da ke kan shagona ba sai ranar. Muka ji kukansu. Muka ji tafasar ruwa. Mutane suka fara hira a hankali, kowa na kai ƙarshen maganarsa, abin har ya zame mana baƙo. Badaru na zaune, kumatu sun kumbura. Ya ciji yatsa. Ya cusa gefen hula a baki. Wani ya fara ba da labarin kayen jiya, ya ce sau ɗaya Turmi ya zagaya da shi. Badaru ya ɗaga yatsu uku yana girgiza su, ba wanda ya kalle shi. Hawaye suka cika masa ido. Wallahi sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Ban ƙarasa yanka burodi na biyu ba ya tofar da hular.

"Buba," ya ce da wata 'yar murya. "Hilin Wurno, yashi na ko tsakuwa?"

"Tsakuwa ta."

Badaru ya shafa ƙugunsa. Sannan ya gyara zama, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Madalla. Ni dama tsakuwa nika so. Yashi ba shi da amo."